Baƙo Da Kiɗan Gidansu: Daga Bohemiya Zuwa Yola

Duk wanda ƙaura ta raba shi da ƙasarsu, ko bai ɗauki dukiya ba, yakan tafi da kiɗan gidansu. Haka ta faru ga mutanen Cek na tsakiyar Turai. A wajejen 1830 aka fara rawar polka a yankinsu na Bohemiya, watau wata rawa mai sauri ta mace da namiji, wadda ake busa wa ƙahonin tagulla. Bayan hargitsin 1848 dubbansu suka yi ƙaura zuwa Amurka, suka zauna a Teksas da Nebaraska da Cikago. Jikokinsu da dama sun manta harshen kakanni, amma kiɗan bai mutu ba, har ma tun 1967 garin Ennis na Teksas yake yi masa bikin shekara-shekara.

To, Adamawa ma tana da irin wannan labari. Bayan da Modibbo Adama ya kafa Yola a 1841, fatake Hausawa da Barebari suka yi ta kwarara zuwa ƙasar Fombina, makaɗa da maroƙa na biye da su. Fulanin da suka kafa mulki kuwa malamai ne da makiyaya, saboda haka kakaki da algaita da gangunan fada daga wajen baƙin nan aka same su. Sannu a hankali kiɗan baƙo ya zama na gida, har yau ba a hawan Salla a fadar Lamiɗo sai da shi. Jimeta kuma, da ta bunƙasa a bakin kogin Binuwai, ta karɓi kalangun mahauta, daga baya ta karɓi kaɗe-kaɗen Ibo da Yarabawa.

Amma fa sana'ar nan gado ce, ɗa yake koya wajen uba. Yanzu na'ura ta karɓe galibin bukukuwan aure, samari kuma ba su ga abin ci a busa ba. Ran da tsohon mabushi ya rasu ba magaji, kirarin sarakuna da jerin sunayensu da ke kansa sun bi shi kabari.

Mutanen Ennis sun tsare nasu ne ta hanyar ba makaɗa fili da lada. Ya kamata Masarautar Adamawa da gwamnatin jiha su ɗauki muryoyin dattawan nan, su tallafa wa yaran da ke koyo, tun masu abin suna raye.