Ranar da Masu Karatu Suka Yanke wa Robin Hukunci

Ko kun san an taɓa kashe jarumin labari da ƙuri'a? A shekarar 1988 ne abin ya faru a Amurka. Masu sayen mujallar zane ta Batman sun daɗe suna ƙorafi a kan yaronsa Robin, wato Jason Todd, wai ya cika taurin kai da rashin kunya. Sai kamfanin DC Comics ya ba da lambobin tarho biyu: ko a bar yaron da rai, ko mugun nan Joker ya hallaka shi. Ƙuri'a 5,343 suka ce ya mutu, 5,271 suka ce ya rayu. Ratar 72 kacal ta kai shi kushewa.

Nan fa ka-ce-na-ce ya tashi. Wasu suka ce an mai da mutuwar yaro hanyar cin kasuwa. Wasu kuwa suka ce, me ya hana Batman gamawa da Joker? Amsar a fili take: in mugu ya mutu, ciniki ya mutu.

A 2005 sai ga Jason ya dawo da rai, da sunan Red Hood. To, in mamaci zai tashi duk sanda kamfani ya ga dama, me zai sa gaban mai karatu ya faɗi?