Yadda manhaja ke zaƙulo tarihin hada-hadar lalitar kirifto

A watan Oktoban 2020, lokacin zanga-zangar EndSARS, ƙungiyar Feminist Coalition ta koma karɓar gudummawa da Bitcoin bayan da aka toshe mata hanyar karɓar kuɗi ta banki. A irin wannan tsari, duk wanda ya san adireshin lalita yana iya duba abin da ya shiga da abin da ya fita. To, ta yaya shafin intanet ke samo wannan tarihi?

Blockchain kundi ne da dubban kwamfutoci ke riƙe da kwafinsa. Ana jera ciniki a cikinsa bisa lokacin da ya auku, ba bisa sunan mai kuɗi ba. A tsarin Ethereum, wanda ya fara aiki a 2015, ana ƙara sabon shafi kusan kowace daƙiƙa 12. Manhaja na iya tambayar ɗaya daga kwamfutocin nawa ne ya rage a wani adireshi, ta sami amsa nan take, amma babu umarnin da zai kawo mata jerin duk cinikin da adireshin ya taɓa yi. Sai dai ta bi miliyoyin shafuka ɗaya bayan ɗaya.

Shi ya sa masu gina manhaja ke dogaro da kamfanoni irin su Etherscan, waɗanda suka riga suka karance kundin suka jera shi bisa adireshi. Manhajar za ta aika adireshin, a dawo mata da jeri: mai aikawa, mai karɓa, adadi, lokaci, da lambar shaidar kowane ciniki. Kuɗaɗe irin su USDT kuwa jerinsu daban ne, sai an nema da kansa. Manhajar da ta tsallake wannan za ta nuna tarihi mai giɓi.

Nan ne mai bin diddigi zai yi hattara. Abin da ya gani a allo ya biyo ta hannun ɗan tsakiya ne, don haka ya kwafi lambar shaidar ya gwada ta a wani shafin daban. Haka kuma adireshi ba ya ɗauke da suna, kuma mutum ɗaya na iya mallakar adireshi da yawa. Kundin zai nuna inda kuɗi ya bi, amma gano wanda ya karɓe shi sai da ƙarin bincike.