Haƙuri da Juriya: Yadda Ake Koya wa Yaro Tashi Bayan Tuntuɓe a Makarantun Arewacin Zamfara

1.0 Gabatarwa

A ƙasar Hausa, in wani abu ya sami yaro a makaranta, ko ya faɗi jarrabawa, ko an ce ya maimaita aji, maganar farko da yakan ji daga bakin manya ita ce, "Yi haƙuri." Magana ce mai kyau, sai dai sau da yawa daga nan ba a ƙara kome. Manufar wannan maƙala ita ce a nuna cewa haƙurin da ke mai da yaro aji bayan ya yi tuntuɓe koyar da shi ake yi, kamar yadda ake koyar da karatu ko sana'a, kuma kayan aikin koyarwar suna nan cikin al'adar Bahaushe. An ɗauki Ƙauran Namoda da Shinkafi da Zurmi a matsayin farfajiyar nazari, domin kuwa a wannan yanki na arewacin Jihar Zamfara cikas ɗin da yaro ke gamuwa da shi ya zarce faɗuwa jarrabawa nesa ba kusa ba.

2.0 Ma'anar Haƙuri da Juriya

A cikin laccar da Anthony Kirk-Greene ya gabatar a kan mutumin kirki a wurin Bahaushe, wadda aka buga a 1974, ya lissafa halaye goma, kuma haƙuri na cikinsu tare da gaskiya da amana da kunya da hankali. To amma in an lura da kyau, za a ga kalmar tana da fuska biyu. Akwai haƙurin dangana, watau mutum ya karɓi abin da ya same shi ya yi shiru. Akwai kuma haƙurin naci, wanda shi ne karin maganar nan ke nufi da ta ce mai haƙuri yakan dafa dutse har ya sha romonsa. Mai dafa dutse ba zaune yake ba, yana nan yana iza wuta. Wannan na biyun shi ake nufi da juriya a nan, watau yaro ya ji zafin abin da ya same shi, sa'an nan ya sake ɗaukar littafinsa. Yaron da aka koya wa dangana kaɗai yana iya barin makaranta cikin ladabi, ba wanda ya ji ƙorafinsa, iyaye su zaci haƙuri ya yi, alhali kuwa fid da rai ya yi.

3.0 Ire-iren Cikas a Wannan Yanki

Garuruwan nan uku hanya ɗaya ta haɗa su. In an taso daga Gusau aka iso Ƙauran Namoda, inda layin dogo ya tuƙe tun 1929, sai hanya ta rabu, ɗaya ta nufi Zurmi har Jibiya, ɗaya ta bi ta Moriki zuwa Shinkafi. Yankin ba baƙon ilmi ba ne, don tun 1983 aka kafa Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya a Ƙaura. Cikas ɗin da ɗalibansa ke fama da shi ana iya kasa shi gida uku.

Na farko shi ne na yau da kullum, wanda kowane ɗalibi a ko'ina ya sani: faɗuwa jarrabawa, da zuwa na ƙarshe a aji, da ba'ar abokai, da tsawar malami.

Na biyu shi ne yankewar karatu. A watan Mayu na 2019 'yan bindiga suka kai hari makarantar sakandaren 'yan mata ta Moriki, cikin ƙaramar hukumar Zurmi. A watan Maris na 2020 aka rufe makarantun ƙasa baki ɗaya saboda annobar korona. Ran 26 ga Fabrairu, 2021 aka sace 'yan mata 279 daga makarantar Jangebe, sa'an nan ran 1 ga Satumba na shekarar aka sace ɗalibai 73 a Kaya, cikin ƙasar Maradun, abin da ya sa gwamnati ta rufe dukkan makarantun firamare da sakandare na jihar, ba a fara sake buɗe wasu ba sai a watan Janairu na 2022. Ke nan yaron da ya shiga aji ɗaya a 2019, kafin ya gama aji uku an rufe masa makaranta sau biyu, kowanne na tsawon watanni. Har ila yau, akwai waɗanda suka gama sakandare sakamakonsu ya maƙale saboda bashin kuɗin jarrabawa da ake bin gwamnati, sai a 2023 aka shiga biya, shekarar da Gwamna Dauda Lawal ya ayyana dokar ta-ɓaci a kan ilmi.

Na uku shi ne wanda yaro ke shigowa da shi aji daga gida, watau yunwa da gudun hijira da firgici. A 2024 ƙungiyar likitoci ta MSF, bayan ta auna yara 'yan ƙasa da shekara 5 a Shinkafi da Zurmi, ta sanar cewa kimanin ɗaya cikin huɗu na fama da tamowa. Waɗannan yara su ne 'yan aji ɗaya na gobe.

Muhimmancin wannan rabe-rabe shi ne, yaro ba ya iya bambanta su da kansa. In ya koma aji ya ga ya kasa karanta abin da ke kan allo, ba zai ce watanni aka yi makaranta na rufe ba, cewa zai yi shi ne ba shi da kai.

4.0 Abin da Bincike ya Nuna

Masana halayyar ɗan Adam sun daɗe suna tambayar abin da ke sa wani yaro ya tashi wani ya kwanta, alhali wahala ɗaya suka sha. Emmy Werner da abokan aikinta sun bi rayuwar yara 698 da aka haifa a 1955 a tsibirin Kawai na Hawayi, a Amurka, har suka kai shekara 40. Kusan kashi ɗaya cikin uku sun taso cikin talauci da rikicin gida, amma daga cikin waɗannan, ɗaya cikin uku ya girma ya zama mutum nitsattse. Babban abin da aka tarar sun yi tarayya a kai shi ne, kowannensu ya sami aƙalla babban mutum ɗaya da ya riƙe shi, ko kaka, ko gwaggo, ko malami.

A 1998 kuma Claudia Mueller da Carol Dweck suka yi gwaji da 'yan firamare. An yaba wa wasu da cewa suna da kaifin basira, wasu kuma aka yaba musu da cewa sun yi ƙoƙari, sa'an nan aka ba kowa aiki mai wuya. Waɗanda aka yaba wa basira suka fi saurin karaya, aikinsu na baya ya ragu. Waɗanda aka yaba wa ƙoƙari suka fi nacewa. Dalili kuwa a fili yake: in yaro ya ɗauka basira ce ta ba shi nasara, ran da ya faɗi sai ya ce basirar ce babu, kuma ba shi da yadda zai yi, in kuwa ya ɗauka ƙoƙari ne, ya san abin da zai ƙara.

5.0 Hanyoyin Gina Juriya

5.1 Darasi daga makarantar allo

A makarantar allo ba a cewa yaro ya faɗi. Kowa da allonsa, kowa da inda ya tsaya. In yaro bai iya ba, malam ba ya barinsa ya wanke, sai ya koma ya yi ta biyawa har ya kiyaye, sa'an nan a yi masa ƙari. In ciwo ko aikin gona ya tsai da shi wata biyu, ran da ya dawo daga inda ya tsaya zai tashi. Ba a nufin tsarin ba shi da aibi, don bulalar da ke cikinsa ta kori yara da dama. Abin ɗauka shi ne wannan ƙa'ida ta fara wa yaro daga inda yake. Ita ce ƙungiyar Pratham ta Indiya ta gina tsarinta a kai, inda ake kasa yara bisa abin da suka iya, ba bisa ajinsu ba, na wani ɗan lokaci kowace rana, kuma an jarraba tsarin a Barno da Kano. Hedimastan da yaransa suka dawo bayan dogon rufi yana iya yin haka ba tare da ya kashe kwabo ba: masu koyon baƙaƙe wuri guda, masu haɗa kalma wuri guda, masu karanta labari wuri guda. Tun da in dambu ya yi yawa ba ya jin mai, sai a sa manyan ɗalibai su taimaka, yadda gardi ke biya wa ƙolo.

5.2 Harshen da ake wa yaro magana

Kalmomi irin su daƙiƙi da dolo da sakarai hukunci ne a kan yaron kansa, ba sa nuna masa ƙofar fita. Uban da ɗansa ya kawo sakamako maras kyau ya fi kyau ya zaunar da shi ya ce, "Nuna mini inda ya gagare ka." Ko da uban bai yi boko ba, tambayar ta raba yaron da kuskurensa, ta mai da faɗuwar abin da ake iya dubawa a gyara. Haka kuma ya kamata a gaya wa yaro gaskiya daidai hankalinsa: "Wata huɗu ba ku shiga aji ba, dole karatu ya yi maka nauyi. Laifin ba naka ba ne, amma cike giɓin aikinmu ne ni da kai." Bugu da ƙari, nasarar farko ta fi saurin samuwa cikin harshen da yaro ke ji. Manufar ilmi ta ƙasa ta 1977 ta tanadi a fara koyarwa da harshen uwa, kuma yaron da ya iya karanta Hausa a aji biyu ya riga ya ɗanɗana cewa shi ma yana iyawa.

5.3 Babban mutum guda

Abin da Werner ta gano Bahaushe ya riga ya faɗe shi da ya ce ɗa na kowa ne. A gidan da mahaifi ya rasu ko aka yi gudun hijira, ya kamata dangi su ayyana mutum ɗaya, ko kawu ko yaya ko inna, wanda zai riƙa tambayar yaron karatunsa. Malamin aji kuwa, kiran rajista kaɗai in ya yi shi da lura, ya aika a tambayi wanda aka kwana uku ba a gani ba, ya isa ya sanar da yaro cewa an san da zamansa.

5.4 Tsari da wasa

Firgici yakan rushe wa yaro tabbacin cewa gobe za ta yi kama da yau. Abin da ke mai do da wannan tabbaci shi ne al'amuran da ba sa sauyawa: lokacin karatu, da lokacin salla, da tatsuniyar dare. Ko makaranta na rufe, rabin sa'a a kan tabarma kowace yamma yana riƙe zaren. Wasanni irin su langa da kokawa da dara su ma makaranta ce, don a cikinsu yaro ke koyon a ka da shi yau ya dawo fage gobe ba tare da gaba ba.

5.5 Sanin iyaka

Akwai inda haƙuri da nasiha ba su isa ba. Yaron da ya ga tashin hankali da idonsa, in ya shiga firgita cikin barci, ko fitsarin kwance bayan ya daina, ko shirun da ba a san shi da shi ba, har makonni suka wuce abin bai ragu ba, to asibiti ya kamata a kai shi tare da addu'ar da ake yi masa. Duka ba ya ƙara wa irin wannan yaro kome sai tsoro.

6.0 Kammalawa

An ga cewa juriya tana ginuwa ne a kan abubuwa kaɗan: a fara wa yaro daga inda ya tsaya, a soki kuskure a bar mai shi, a sami babban da zai riƙe shi, a tsare masa tsarin yini. Sai dai wajibi ne a yi hattara kada a mai da juriyar yara hujjar sakacin manya. Nijeriya ta amince da Yarjejeniyar Kare Makarantu ta Oslo ta 2015, har ta karɓi baƙuncin taronta a Abuja a 2021, saboda haka tsaron makaranta da biyan kuɗin jarrabawa hakki ne a wuyan hukuma. Aikin iyaye da malamai shi ne, duk ran da aka buɗe ƙofar aji a Ƙaura ko Shinkafi ko Zurmi, a tarar yaron yana da sauran niyyar shiga.