Tuba da mayar da haƙƙi: abin da Zakka ya yi a Yariko

Duk wanda ya taɓa halartar taron farkawa a majami'ar ECWA ko COCIN ya san yadda daren ƙarshe yake kasancewa. Mai wa'azi ya kira masu son tuba su fito gaba, mawaƙa su sassauta murya, mutane su durƙusa suna hawaye. Babu laifi a wannan. Sai dai bangaskiyar Kirista tana kuma tambayar abin da mai hawayen zai yi ranar Litinin a kasuwa.

A sura ta 19 ta Bisharar Luka akwai Zakka, shugaban masu karɓar haraji a Yariko. Romawa yake yi wa aiki, kuma masu wannan sana'a sun yi ƙaurin suna wajen karɓar fiye da ƙa'ida su zuba a aljihu, shi ya sa 'yan'uwansu Yahudawa suka tsane su. Gajere ne, sai da ya hau ɓaure kafin ya hango Yesu. Yesu ya sauka a gidansa tun bai biya kowa ko anini ba, mutanen gari suna ta gunaguni. A nan Zakka ya miƙe ya yi alkawarin ba matalauta rabin dukiyarsa, wanda ya cuta kuwa ya biya shi ninki huɗu.

Adadin nan ba a banza ya fito ba. A Littafin Ƙidaya sura ta 5, wanda ya furta laifinsa yakan mayar da abin, ya ƙara kashi ɗaya cikin biyar. Ninki huɗu kuwa, a Fitowa sura ta 22, hukuncin ɓarawon tunkiya ne wanda ya yanka ko ya sayar. Wato Zakka ya ɗora wa kansa hukuncin ɓarawo, ba alƙali, ba ƙara.

Haka ma Yahaya Mai Baftisma. Da sojoji suka tambaye shi me za su yi, ya hana su ƙwace da ƙage, ya ce albashinsu ya ishe su.

A wurinmu, mai sayar da hatsi da ya buga gindin mudunsa ya lotsa sai ya sake mudu. Manomin da yake cin kan iyakar gonar gwauruwa kunya ɗaya kowace damina sai ya koma baya, ya je ya faɗa mata da bakinsa. Wannan ya fi durƙusawa wuya, don akwai asara, ga jin nauyi. Ɗan Katolika da ya yi ikirari gaban Fada ma ba a sauke masa wannan nauyin ba.

Abin da yake damuna shi ne yadda ake horo a wasu ikilisiyoyi. Yarinyar da ta yi ciki ba aure nan da nan a dakatar da ita daga Jibin Ubangiji, amma dattijon da ya riƙe kuɗin leburorinsa wata uku yana zaune a kujerar gaba, shi ne ma yake ƙirga baiko.