Manhajojin kyauta da za su iya maye gurbin Word da Excel

Tun ranar 14 ga Oktoba, 2025, kamfanin Microsoft ya daina aiko da gyaran tsaro ga Office 2016 da Office 2019. Ma'aikacin gwamnati ko ɗan kasuwa a Sakkwato da yake dogaro da su yana tsaka mai wuya: ko ya sayi sabon lasisi mai tsada, ko ya sa kwafin bogi, wanda kan shigo da ƙwayar cutar kwamfuta ta lalata masa lissafin shekara.

Sai dai akwai mafita. LibreOffice manhaja ce ta kyauta wadda kowa ke da izinin saukewa da rabawa, kuma tana aiki ba tare da intanet ba. Writer ɗinta na yin aikin Word, Calc na yin na Excel, Impress kuwa na PowerPoint. Masu shagunan buga takardu a kewayen Jami'ar Usmanu Danfodiyo na iya gwada GIMP a madadin Photoshop, da Inkscape a madadin CorelDRAW.

A shekarar 2024, jihar Schleswig-Holstein ta Jamus ta sanar da mayar da kwamfutocin gwamnati kusan 30,000 kan LibreOffice.

Abin lura shi ne, tsarin shafi kan ɗan sauya. Don haka a adana takarda a matsayin docx ko PDF, a sake duba ta kafin a aika.