Ruwa ba ya tsami banza: yadda ake gane ciwon kifin ado da maganinsa

A Yamai, Maraɗi da Damagaram, akan ga akwatin gilashi mai ruwa, wanda ake kira akwariyom, a butik ko gidan abinci, da ƙananan kifaye masu launi suna yawo a ciki. Wasu don ƙawa suka ajiye, wasu kuwa sayarwa suke yi. Sai dai wannan haja ce mai rai. Atamfa tana iya shekara a kanta ba ta canza ba, amma kifi ciwon mako guda ya isa ya kwashe shi duka, uwar kuɗi da riba.

Abin da ya kamata mai kifi ya sani shi ne, mafi yawan ciwon daga ruwa yake farawa. Kashin kifi da ragowar abinci suna ruɓewa su zama guba da ake kira amoniya, wadda ido ba ya gani. Ruwa yana iya zama garau alhali ya lalace. Ruwan pampo kuma yana da sinadarin kulorin, mai ƙona wurin numfashin kifi. Sai a tara shi a buɗaɗɗen bokiti ya kwana ya yini, ko a ɗiga masa maganin kashe kulorin, kafin a zuba.

Yanayin ƙasarmu ma yana da nasa. Lokacin bazara, ruwa mai zafi ba ya riƙe iska sosai: a digiri 20 lita guda tana ɗaukar kusan miligiram 9 na iskar shaƙa, a digiri 30 kuwa kusan 7 da rabi. In wuta ta ɗauke, injin hura iska ya tsaya, za ka ga kifaye sun taso sama suna haki. Wannan ba ciwo ba ne, iska suke nema. Ɗebo ruwan akwatin da kofi, ka riƙa kwararo shi daga sama. Lokacin ɗari kuma, sanyin dare yana raunana su, ciwo ya samu ƙofa.

Ciwon da ya fi yawa shi ne farin ɗigo. Za ka ga jikin kifi da fikafikansa kamar an barbaɗa masa gishiri, yana goga jiki da duwatsu, ya bar cin abinci. Wata ƙaramar ƙwaya ce take shiga ƙarƙashin fatarsa. In ta ƙoshi sai ta faɗo ƙasan akwati, ta hayayyafa ɗaruruwa, ƴaƴan su bazu neman wani kifin. A nan ne mutane da yawa suke kuskure. Magani ba ya taɓa ƙwayar muddin tana cikin fata, sai lokacin da ƴaƴan suke iyo cikin ruwa. Ɗigon ya ɓace, mai kifi ya ce an warke, ya bar magani, bayan ƴan kwanaki ciwon ya dawo fiye da da. Don haka a ci gaba da magani kwana 10 zuwa 14.

Magani mafi sauƙi yana kasuwa: gishirin da ba a haɗa da komai ba, giram 1 zuwa 3 a kowace lita. Ƙaramin cokalin shayi yana ɗaukar wajen giram 5, ke nan akwatin lita 50 zai fara da cokali 10. A narkar da shi a kofi, a zuba sannu a hankali. Kifaye marasa ɓawo, dangin tarwaɗa, da ciyayin ruwa ba su jure gishiri da yawa. Akwai kuma koren magani mai suna malakit, amma kada a kuskura a sa shi ga kifin da za a ci.

In bakin fikafikai da bindi suna zagwanyewa, ko wani abu kamar auduga ya fito a kan rauni, yawanci ƙazantar ruwa ce ta jawo. A fara da canza ruwa, a ware mai ciwon. In ciki ya kumbura, ɓawo ya miƙe tsaye kamar bayan abarba, ciwon ya yi nisa, da wuya ya tashi. A nemi likitan dabbobi, a bar farfasa kafso na mutane cikin ruwa, domin yana kashe ƙwayoyi masu amfani da ke cinye gubar.

Rigakafi dai ya fi magani. A canza kashi ɗaya cikin huɗu na ruwan kowane mako, ba duka ba. A ba su abincin da za su cinye cikin minti 2 ko 3. Sabon kifi a ajiye shi daban mako 2 zuwa 4 kafin a haɗa shi da sauran. Mai rauni a hannu kada ya tsoma shi cikin akwati, don akwai ƙwayar da ke kama fatar mutum.

Ke mai saye, kai mai saro, ku tsaya ku duba akwatin duka. In kun ga kifi guda da ɗigo, ku bar sauran ko da an karya kuɗi. Araha ba ta ado.