Da Aka Toshe Gada, Fito Ya Koma Ruwa

A bakin ɗan kasuwar Kano, fito na nufin shigo da kaya ta bayan idon kwastan. Amma asalin kalmar ta bakin kogi ce: mai fito shi ne mai kwale-kwalen da ke haye da kai, ka biya shi kuɗin fito. Tun 2023 ma'anonin biyu suka sake haɗuwa a Gaya, ba tamu ta Kano ba, ta jihar Dosso a Nijar, wadda ke kallon Malanbil ta Benin a ɗaya gaɓar kogin Kwara.

Mutumin Gyaɗi-Gyaɗi zai ce ina ruwansa. Sai ya tuna dalilin da ya sa ake kiran tsohuwar mota ko firji 'yar Kwatano. Shekara da shekaru kaya na sauka a tashar jiragen ruwan Kwatano da sunan Nijar, su hau gadar Malanbil zuwa Gaya, su kai Maraɗi, sannan wani kaso ya gangaro ta Jibiya. Shinkafa, atamfa da gwanjon da suka cika shagunan Zoo Road da kasuwar Tarauni, da yawansu wannan hanyar suka sani.

Ranar 26 ga Yulin 2023 sojoji ƙarƙashin Janar Abdourahamane Tiani suka kifar da shugaban Nijar Mohamed Bazoum. Kwana huɗu bayan haka ECOWAS ta zauna a Abuja ta rufe iyakoki. Aka tare gadar, manyan motoci suka yi jerin gwano a Malanbil, kayan da ba sa jira suka ruɓe. Mutane kuwa ba su jira ba. Dendawa da Hausawan gaɓa biyun dangi ne, kasuwa ɗaya suke ci, don haka suka gangara bakin ruwa. Kwale-kwalen kamun kifi suka koma jigilar fasinja, babura da buhunan masara.

Abin lura shi ne takunkumin ya ƙare, fiton bai ƙare ba. ECOWAS ta janye matakanta ranar 24 ga Fabrairun 2024, iyakar Najeriya da Nijar ta buɗe a watan Maris, amma Yamai ta bar tata da Benin a garƙame, tana zargin maƙwabciyar da ba sojojin Faransa masauki, zargin da Benin ta musanta. A watan Mayu rikicin ya kai ga man fetur: shugaban Benin na lokacin, Patrice Talon, ya hana lodin ɗanyen man Agadem na Nijar a Seme ta Benin, ƙarshen bututun da ya kusa kilomita 2,000, aka kuma hana fiton kogin na wani lokaci. Nijar ta karkata kayanta zuwa Lome ta cikin Burkina Faso, hanya mai nisa da sai da rakiyar soja.

Wa ya ci riba? Masu kwale-kwale, 'yan dako da 'yan kabu-kabu sun samu abin da ba su taɓa samu ba, kuma ba zan ga laifinsu ba. Faɗuwar wani tashin wani. Sai dai buhun da a da ke haye gada a bayan mota bayan an toshe gadar sai an sauke shi, an loda a jirgi, an sake saukewa, an sake lodawa, kowane hannu da ladansa. Kuɗin nan ba ya ɓata, yana bin buhun har gaban mai awo. Baitulmalin ƙasashen biyu kuma ya rasa harajin da ake karɓa a kan gada.

Tsadar da ta fi damuna ita ce ta rai. Jirgin katako da aka cika maƙil, babu rigar ruwa, ga kogi ya kawo da damina. Kanawa ba sa buƙatar a yi musu bayani: a ƙarshen Nuwamban 2021 kwale-kwale ya kife a dam ɗin Watari da ke Bagwai, aƙalla mutum 29 suka rasu, yawancinsu ɗaliban Islamiyya. Can ma lodi ne ya yi yawa.

A tekun Indiya an ga inda irin wannan ke kaiwa idan ya daɗe. Tsakanin tsibirin Anjuwan na Komoros da Mayot, wadda ke hannun Faransa, kilomita 70 ne kacal, mutanensu Musulmi ne 'yan'uwan juna. A 1995 Faransa ta ƙaƙaba biza. Ziyarar da ake yi da rana ta koma ta dare, cikin ƙananan jiragen da suke kira kwasa-kwasa. Wani rahoton majalisar dattawan Faransa na 2012 ya ƙiyasta cewa mutum 7,000 zuwa 10,000 ne suka halaka a wannan mashigi.

Kwara ba teku ba ce, daga wannan gaɓa ana hango waccan. Amma tun 29 ga Janairun 2025 Nijar ta fice daga ECOWAS baki ɗaya, wato teburin da a da ake zama a sasanta irin wannan saɓani babu kujerarta a kai.